Tuwon Yumɓu

Kafin shekarar yunwar da ake kira Kakalaba, duk falken da ya sauka zangon Tsafe, ko daga Zariya ya fito ko daga Sakkwato, tun bai gama sauke wa jakunansa kaya ba za a ce masa ya nemi rumfar Kulu matar Jatau. Tuwon dawa take sayarwa da miyar kuka, abin da kowace mace ke yi a gidanta, amma hannu ba ɗaya ba ne. Malmalarta sumul take fitowa kamar ƙwai, ƙamshin daddawarta kuwa tun daga bakin rijiya ake jin sa.

Sai damina ta yi gardama. Dawa ta bushe a tsaye, gero ya fitar da kai ba ƙwaya. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun koma fanko, fatake suka daina zuwa, Kulu ta kife tukwanenta. Jatau ya kora jakinsu ya nufi kudu, ƙasar Gwari, inda aka ce da sauran hatsi. Ya ce kwana ashirin zai yi. Aka yi wata uku ba shi ba labarinsa. Gidan ya rage mutum uku: Kulu, da ɗiyarta Luba mai shekara shida, da uwar mijinta Inna Dije. Kullum Kulu kan fita da fatanya ta tone gidan tururuwa ta kwashe 'yar ƙwayar da suka tara, ko ta karkaɗo ƙarangiya ta sussuke, ta haɗa da ganyen da ta samu. Wani lokaci ta dawo hannu wofi.

Wata rana da hantsi wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida. Rigarsa wankakkiya ce, kuma da tsoka a kumatunsa, abin da aka daɗe ba a gani ba a garin.

"Nan ne gidan mai tuwo?"

"Da can dai nan ne, Malam," in ji Kulu daga bayan danga.

Ya ce sunansa Ɗahiru, mutumin Bungudu ne, tafintan wani Bature da ya sauka a bariki jiya. Baturen ba soja ba ne, ba mai shari'a ba ne. Yawo yake da wani akwati mai ƙafa uku yana ɗaukar surar abubuwa, masaƙa da marina da kasuwa, ya kai wa mutanen ƙasarsu su gani. 'Yan dakonsa Mai Akwati suke ce masa. Yanzu abincin ƙasar nan yake so ya ɗauka, an kuwa ce duk Tsafe ba wadda ta kai ta.

"Da mi zan dafa?" in ji Kulu.

"Hatsi nasa ne. Ke dai hannu."

"In an gama, wa zai ci?"

Ɗahiru ya ɗan yi murmushi. "Akwati ba ya da baki. In an gama ki kwashe abinki."

Ba ta ko tsaya neman mayafi mai kyau ba. Ta ce wa Inna Dije ta ɗora ruwa ta jira ta.

A barikin aka ba ta mudu biyu na dawa, da kuka, da daddawa, da gishiri, da man shanu a ɗan ƙoƙo. Ta yi surfe, ta durƙusa kan dutsen niƙa sai ta ji jiri, ta ɗan lasa garin da ya maƙale a yatsunta sannan idonta ya washe. Da miya ta fara tafasa, ƙamshi ya tashi, mutane suka fara fitowa ɗaya ɗaya suna jeruwa a bayan shingen ƙaya. Ba mai roƙo, ba mai magana. Kallo kawai. Kulu ta juya musu baya ta ci gaba da tuƙi, don ta san kusan kowa a cikinsu.

Ta kwashe, ta mulmula, ta jera a akushi, ta zuba miya yadda ta saba yi wa fatake. Mai Akwati ya fito, dogo ne, wuyansa ja kamar an ɗaye. Ya zagaya akushin, ya tsuguna, ya karkata kai, ya yi magana.

"Ya ce bai yi ba," in ji Ɗahiru.

"Ai bai ɗanɗana ba."

"Ba baki ba, ido. Ya ce tuwon ya nutse, miya ta rufe shi, a akwati baƙin abu kawai za a gani."

Aka sa ta tsame malmalar ta goge. Aka kife wani ɗan ƙoƙo a gindin akushi, ta jera malmala uku a kansa, suka yi tozo kamar akushin ya cika ya batse. Miya kuwa a gefe kawai aka ce ta tsiyaya, kada ta taɓa saman tuwo. Ta shafe akushin da man shanu har ya yi baƙi yana walƙiya, ta jingina faifai a gefe, ta ajiye ludayi da jan barkono biyu a kan sabuwar tabarma. Ita kanta da ta ja baya ta duba, ta ga bai taɓa yin kyau haka a rumfarta ba.

Mai Akwati ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya fito yana kaɗa hannu. Ƙudaje ne. Su ma yunwar ta kama su, sun yi wa akushin baƙi.

"Akwatin nan sai an ƙirga goma abu bai motsa ba," in ji Ɗahiru. "Ƙuda ɗaya in ya gilma ya ɓata aiki."

Suka yi fifita, ƙudaje suka tashi suka dawo. Sai Baturen ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin man fitilarsa da gashin tsuntsu. Kafin Kulu ta gane abin da zai yi, ya tsoma gashin ya bi malmalar nan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, ya yayyafa sauran a kan miya. Warin kananzir ya danne ƙamshin daddawa. Ƙudaje suka watse, tuwo ya ɗauki ƙyalli.

"Malam!" in ji Kulu. "Malam, ka ce nawa ne!"

Ɗahiru bai dube ta ba. Baturen ya ƙirga goma da harshensu, ya rufe idon akwatin, ya tafa hannu don jin daɗi.

Ta kwashe duk da haka. Ta rufe da faifai ta ratsa mutanen nan, warin na biye da ita. A gida ta ɗaye saman kowace malmala, ta wanke cikin da ruwa har sau uku, ta dama shi ya zama kunu. Inna Dije ta shinshina ta ce kada a ba yarinya. Amma Luba ta riga ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu, wa zai iya ƙwacewa? Ta sha. Kafin la'asar ta amayar da shi duka, har da ɗan ruwan da ke cikinta, ta kwanta idanu a kafe tana numfashi sama sama. Kulu ta zauna ta tasa ta a gaba. Da ta san haka, da ganyen jiya ta sake dafawa.

Washegari Ɗahiru ya dawo. Wannan karon bai tsaya a tsaye ba, ya tsuguna a bakin danga.

"Ki yi haƙuri da na jiya. Ni ma ban san zai yi haka ba." Ya miƙo ƙullin tsumma, ɗan gero ne, bai fi tafi uku ba. "Daga nawa ne. Ya ce hannunki ya yi masa. Gobe za mu Gusau, daga nan Bungudu. Da sauran fura da nono, da dambu, da waina. In kin biyo mu, kowane aiki da hatsinsa, in an gama kuma zai sallame ki da abin da za ki iya ɗauka a ka."

"Kwana nawa?"

"Zuwa da dawowa, kamar goma."

Kulu ta waiwaya ta dubi ɗakin da Luba ke kwance. Inna Dije ce ta amsa daga ciki, ashe tana ji.

"Tahi, ɗiyata. In kin zauna mi za ki ba mu? Wanga ƙulli zai riƙe mu, ga Mairo maƙwabciya tana leƙowa. Tahi."

Kwana biyu suka yi a hanyar Gusau. Kulu na can baya da 'yan dako, tana ɗauke da akushi da muciya. Ƙauyukan da suka ratsa, wasu ba ko kaza, ƙofofi a buɗe. A gindin wata tsamiya suka wuce mutum biyu a kwance, ba wanda ya tsaya duba ko barci suke. Ita dai tunani ɗaya take yi tun daga Tsafe, har ya nuna a ranta.

Da suka sauka Gusau ta sami Ɗahiru shi kaɗai.

"Malam, ka ce akwati ba ya da baki."

"Haka ne."

"Hanci fa?"

"Babu."

"To mi ya sa za a riƙa zuba wa hatsi man fitila? Ka bar ni da gulbi. In ya gane, ka ce laifina ne."

Ɗahiru ya ce shi bai ji komai ba.

Ta gangara gulbi, wanda ya ƙafe sai yashi, ta haƙo yumɓu a inda magina tukwane ke ɗiba, ta sami farar ƙasa wurin wata tsohuwa. A bayan bariki ta hura wuta ta ɗora ruwa don a ga hayaƙi, hatsin da aka auno mata kuwa ta ƙulle shi a tsohon zane ta cusa ƙarƙashin kayanta. Ta cuɗa yumɓu ta mulmula dunƙulen fura, ta barbaɗe su da gari ɗan kaɗan, abin da bai fi cin kaza ba. Ta dama farar ƙasa da ruwa ya zama nono, ta yayyaga auduga ta jiƙa a ciki ta yi gudajin kindirmo. Ta kankare ƙwarya da yashi har ta yi fari tas.

Mai Akwati ya tsuguna ya duba. Ƙuda bai sauka ba, rana ba ta narkar da komai ba, dunƙule bai tsage ba. Ya ɗauka sau biyu. Don murna har ya yafito ta ya ce ta leƙa ƙarƙashin ƙyallen. Ta leƙa da tsoro. A jikin wani gilashi ta ga ƙwaryarta a kife, gindi sama, nono bai zube ba. Ta fito da sauri tana neman tsari.

Kwana uku suka yi a Gusau. Ta yi dambu da yashin gulbi da yankakken ganye. Ta yi waina da yumɓu, ta ɗan babbaka gefenta a wuta ta shafa mai, har wani ɗan dako ya haɗiyi yawu. Da Baturen ya ce yana son a ga tururi, ta ɓoye garwashi a bayan akushi ta ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma. Kowace yamma ƙullinta na ƙara nauyi. Takan raba, ta kai wa Ɗahiru nasa, don shi ma da tsohuwa a Bungudu. Ita kuwa ba ta taɓa nata ba, abin da 'yan dako suka rage a tukunya shi take kankara. A ranta tana lissafin kwanakin da tafi uku na gero zai yi wa mutum biyu, kullum lissafin ba ya kaiwa.

A Bungudu Mai Akwati ya zo da sabuwar magana. Abinci shi kaɗai ya isa haka, yanzu yana son mutane zaune suna ci, maigida da iyalinsa. Aka fita bakin bariki inda mayunwata ke zaune aka zaɓo. Aka ɗauko wani tsohon Bafillace mai suna Jibo saboda farin gemunsa da tsawonsa. An ce da garke guda ya shigo ƙasar nan bara, yanzu sandarsa kawai ta rage. Aka haɗa shi da wata mata da ba ta san shi ba da 'yarta. Aka aro riga mai faɗi aka zura masa don ta rufe haƙarƙari, aka naɗa masa rawani, matar aka lulluɓe ta har wuyan hannu. Aka ce Kulu ta shafa musu mai a fuska da leɓe don kada a ga bushewa.

Tuwo ne a akushin, na yumɓu, an shafe shi da farar ƙasa, miyar gaske 'yar kaɗan a gefe. Da ta zo shafa wa Jibo mai ta rage murya.

"Baba, kada ka ci. Ba tuwo ba ne."

Ya ɗaga kai ya yi mata murmushi. Kunnensa ya yi nauyi, Hausarsa kuma ba ta da yawa. "Allah shi biya ki, ɗiyata," in ji shi. "Allah shi biya."

"Baba, ƙasa ce. Ƙasa!"

Ɗahiru ya daka mata tsawa ta fita daga gaban akwati. Aka ɗora hannun Jibo a saman malmala, aka ce kada ya motsa, kada ya ƙifta. Baturen ya fara ƙirga. Kulu na ganin yadda tsohon ya ƙura wa yumɓun ido, amma ya daure har goma. Ana rufe idon akwati ya ce bismillahi, ya gutsura, ya dangwali miya, ya kai baki.

Ya tauna sau biyu ya tsaya. Ya dubi abin da ya rage a hannunsa, jan yumɓu a ciki, fari a waje. Ya dubi Kulu. Bai tofar ba. Ya runtse ido ya haɗiye, ya sake miƙa hannu. Yarinyar nan da ta ga haka ita ma ta kai hannu, uwarta ta buge shi ta fashe da kuka.

Kulu ta fizge akushin. Malmala ɗaya ta faɗi ta fashe a gaban Mai Akwati. Ya ɗauki ɓarin ya murza, ya shinshina, ya tambayi Ɗahiru. Ɗahiru ya yi ta bayani yana zufa. Kulu ta jira bulala. Sai Baturen ya ƙyalƙyale da dariya har yana dafa gwiwa, ya nuna ta da yatsa yana maimaita wata kalma.

"Ya ce ke gwana ce," in ji Ɗahiru a hankali. "Ya ce ko a ƙasarsu sai an tona kafin a sami irinki." Baturen ya ƙara magana. "Ya ce hatsin da kika ɓoye ya yafe miki, shi ne sallamarki. Ba ƙari."

Aka tuɓe wa Jibo riga da rawani aka mayar wa mai su. Ya ja sandarsa ya koma gindin katanga ya zauna. Kulu ta ɗaure kayanta, ta ɗora ƙullin a ka, ta kama hanya. Ta yi taku kamar ashirin ta tsaya. Ta dawo, ta kwance ƙullin a ɓoye, ta ɗebi tafi biyu ta niƙa a dutsen bariki, ta dama kunu. Ta raba biyu, rabi ga matar nan da 'yarta, rabi ta kai wa tsohon. Ya kurɓa sau uku ya ture, ya ce cikinsa ya cika, ya yi nauyi. Ya riƙe cikin da hannu biyu. Ta zauna kusa da shi har rana ta karkata, tana cewa ya ƙara ko kurɓi ɗaya. Bai ƙara ba. Wannan zaman ya cinye mata yini guda, don ba a bin hanyar nan da yamma da hatsi a ka. Da safe da ta zo wucewa ta ga wurin da ya zauna ba kowa. Ba ta tambaya ba.

Ɗahiru ya raka ta har bayan gari, ya haɗa ta da wasu masu zuwa Gusau. Da za su rabu ya ce, "Ki gai da gida."

Kwana uku ta yi. Ta naɗe ƙullin a bayanta kamar goyo, ta rufe da zane, duk wanda ya tambaya ta ce jariri ne ba lafiya. Ranar sha ɗaya da fitarta ta shiga Tsafe da azahar. Ƙofar gidansu a jingine take da ƙaya. Ta tsaya ta kasa taɓawa. Mairo maƙwabciya ce ta fito, ita ma ta zama kamar kara.

"Kulu. Sannu da hanya. Shigo nan, tana wurina."

"Wa?"

"Luba."

"Inna fa?"

Mairo ta sunkuyar da kai. "Shekaranjiya. Sai haƙuri. Geron da kika bari ko ƙwaya ba ta kai bakinta ba. In ta dama sai ta ce wa yarinya ita ta sha nata tun a madafa. Ni ma ban gane ba sai da ta kasa tashi. Malam Adamu liman da mutum biyu suka kai ta, ba a sami masu ƙarfin haƙa mai zurfi ba."

Shekaranjiya. Kulu ta ƙirga da yatsu, ta ga ko da ba ta tsaya wa Jibo ba da ba ta riski Inna Dije da rai ba, sai dai da kwana ɗaya ne tsakani ba biyu ba. Ta sake ƙirgawa, ko zai fito daban.

Luba na kwance a tabarmar Mairo. Ƙafafunta sun kumbura suna sheƙi, gashinta ya yi ja ya kwanta. Ta buɗe ido ta dubi uwarta, ba ta yi murna ba, ba ta yi kuka ba. Kulu ta kwance goyon, Mairo ta ga hatsi ta dafe ƙirji. Suka niƙa tare, su biyu a dutse ɗaya don ba mai ƙarfin yi ita kaɗai. Kulu ta dama kunu tsararo ta ɗago kan yarinyar. Luba ta shinshina ta kau da fuska.

"Ba man fitila a ciki," in ji Kulu. "Wallahi ba mai. Duba, in sha ki gani."

Ta kurɓa a gabanta. Yarinyar ta daɗe tana kallon bakin uwar, sannan ta yarda ta karɓi ludayi ɗaya. Na biyu ya dawo ta gefen baki. Kulu ta share ta jira, ta sake gwadawa.

Luba ta rayu, amma ƙafafun ba su koma daidai ba sai bayan kaka, kuma ba ta ƙara tsawon kirki ba. Ruwan farko ya sauka kwana tara bayan dawowar Kulu. Abin da ya rage a ƙullin bai kai mudu ba. Mairo ta ce a ci, Kulu ta ce a shuka, suka yi ta ja har suka raba biyu. Ta ɗauki sungumin Jatau ta tafi gonarsa ita kaɗai, ta shuka abin da ya sawwaƙa a gefen da ya fi laima, sauran gonar ta bar wa ciyawa. Duk ayarin da ya fara fitowa daga kudu takan je zango ta tambaya ko an ga wani mai jaki, gajere, mai tsage uku a kumatu. Wani ya ce kamar ya ga mai irin wannan kama a Birnin Gwari, wani ya ce a'a, wancan Bakatsine ne. Har aka yi girbi tana zuwa.